"Ai Su An Riga An Biya Musu": Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwarmu Na Zangon Kwatano

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan kasuwarmu, musamman masu kai-komo tsakanin Zangon Kwatano da kasuwannin kan iyaka irin su Seme, Malanbil, Gaya, Kamba, Illela da Jibiya. Da zarar wani abokin ciniki Kirista ya riƙe kuɗin ɗan'uwa, ko kuwa mai fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa ya yi sama da faɗi da kuɗin kwastan, sai ka ji wani a majalisa ya gyara zama ya ce: "To me kake tsammani? Ai su an riga an biya musu zunubinsu. Ko me suka yi, cewa suke yi Aljanna tasu ce." Mai faɗin haka yakan faɗa ne kamar karatun da ya haddace, kuma ba kasafai ake samun mai tanka masa ba.

A ganina wannan magana ba daidai ba ce, kuma tana jawo mana asara. Tana sa mu ɗora wa maƙwabci abin da addininsa bai ce ba, wanda zalunci ne ko da kuwa a kan wanda ba Musulmi ba aka yi shi. Sannan tana sa wanda aka cuta ya sare, ya yi zaton babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa don karɓo haƙƙinsa, alhali kuwa ƙofar tana nan a buɗe, a cikin littafin shi wanda ya cuce shi ɗin. Ni Musulmi ne, kuma ba ina kiran kowa ya karɓi aƙidar Kirista ba ne. Abin da nake so shi ne mu san ainihin abin da suke cewa, don idan za mu saɓa da su mu saɓa a inda saɓanin yake.

Duk wanda ya san Kwatano ya san Bahaushe ba zai yi ciniki a garin nan ba tare da Kirista ba. Ƙidayar jama'ar da aka yi a Jamhuriyar Benin a 2013 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 48.5 cikin 100, Musulmi kuwa kashi 27.7, kuma kowa ya san a kudu, inda tashar jirgin ruwa take, nan ne Kiristocin suka fi yawa. Daga babban masallacin Zango, tafiyar 'yan mintoci ce a kan zemijan za ta kai ka babbar cocin Katolika ta Notre-Dame mai zanen ja da fari kusa da tsohuwar gada, ko cocin Saint-Michel. Taranzite ɗin da ke fitar maka da kwantena, da uwargidan da kake sarin atamfa a hannunta, da ɗan ƙabilar Ibo mai dilar gwanjo, da ma'aikacin banki, da wuya ka rasa Kirista a cikinsu. Kakanninmu fataken goro da suka bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja ba su tsira da dukiyarsu ba sai da suka san halin mutanen da suke sauka a garuruwansu, da abin da suke rantsuwa da shi, da abin da suke tsoro. Bai kamata a ce mu da muka gaji sunan Zango mun kasa su a wannan fanni ba.

To, me Kiristoci suke cewa? A taƙaice, suna cewa tun daga saɓon da Annabi Adamu (AS) ya yi, zunubi ya shiga jinin 'yan Adam, ya zama wani hali da ake haihuwar mutum da shi, wanda ya raba shi da Allah, kuma babu wani aikin kirki da mutum zai yi da zai isa ya cike wannan giɓi. Suna cewa Yesu Almasihu, wanda mu muke kira Annabi Isa (AS), ba shi da zunubi, kuma a wurinsu shi Allah ne da ya zo a siffar mutum. An gicciye shi a birnin Ƙudus a zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Wannan mutuwa ita suke ɗauka a matsayin hadaya da ta ɗauke hukuncin da ke kan mutane. Shi ya sa ranar Juma'ar da ke gabanin Ista za ka ga jama'a a titunan Kwatano suna bin gicciye a baya cikin jimami, ranar Lahadi kuma gari ya kaure da murna.

Tushen abin yana cikin ibadar Yahudawa. A Littafin Firistoci, sura ta 16, an bayyana wata rana guda a shekara da ake kira Ranar Kafara, inda babban malaminsu zai kawo bunsuru biyu, ya yanka ɗaya, ɗayan kuma ya ɗora masa hannu ya ambaci laifuffukan al'umma, sannan a kora shi daji. Kiristoci suna cewa wancan duk share fage ne, mutuwar Yesu ce ta cika shi sau ɗaya, ba sai an maimaita ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu da nake ganin shi ne ya fi rikita mu, wato kalmomi. Lokacin da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, masu fassarar ba su ƙirƙiro sababbin kalmomi ba, namu suka ɗauka: zunubi, tuba, gafara, ceto, kafara, fansa. Bahaushen Kirista na Wusasa ko na Tsibiri kusa da Maraɗi da waɗannan kalmomi yake addu'a har gobe. Amma ma'anar ta sha bamban. Mu a wurinmu kaffara abu ne da mai laifi yake yi da kansa: wanda ya karya azumin Ramadan da gangan zai ciyar da miskinai 60 ko ya yi azumin wata biyu a jere, wanda ya yi rantsuwa ya saɓa zai ciyar da 10 ko ya tufatar da su. Su kuwa a wurinsu kafara abu ne da wani ya yi a madadinka. Don haka idan Kirista ya ce an yi masa kafara, kunnen Musulmi sai ya ji kamar yana cewa an ɗauke masa duk wani nauyi, har da na mutane. Kalmar fansa ta fi kusa da abin da suke nufi. Bahaushe ya san fansa tun zamanin bauta, inda dangi ke tara kuɗi su fanshi ɗan'uwansu da aka kama, kuma abin takaici mun sake saninta a wannan zamani na masu garkuwa da mutane. Wanda aka fansa ba shi ne ya biya ba, amma kuma babu mai hankalin da zai ce don an fanshe shi ya sami lasisin shiga gonar wani.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa tsara wannan aƙida a Turai da harshen kasuwa ya tsara ta. Wani malaminsu ne ɗan Italiya mai suna Anselm, wanda ya zama shugaban coci a Kantabari ta Ingila. Wajen shekarar 1098 ya rubuta cewa zunubi bashi ne da mutum ya ci a wurin Allah. Mutum ne ya ci, saboda haka mutum ya kamata ya biya. Amma bashin ya yi girman da babu mai iya biyansa sai Allah. Saboda haka, in ji shi, dole mai biyan ya kasance mutum kuma Allah. Ba duk malamansu ne suka tsaya a kan wannan bayani ba, cocin Gabas irin na Girka da Habasha sun fi ba da ƙarfi a kan cewa Yesu ya yi nasara ne a kan mutuwa da Shaiɗan. Amma bayanin Anselm da abin da aka gina a kansa shi ne ya fi yawa a wa'azin da muke ji ta lasifika a Kwatano da Legas.

Ɗan kasuwar Zango ba zai sha wahalar gane wannan misali ba, don ya san lamuni. Baƙo ya sauka a gidan fatoma, fatoma ya tsaya masa ya ɗauki kaya bashi, kasuwa ta juya masa baya, fatoma ya cire daga aljihunsa ya biya. Shin baƙon nan yakan fita yana taƙama cewa yanzu babu mai binsa komai? Ina! Ai daga ranar ya zama yaron gidan, kunyar fatoman nan ba za ta bar shi ya sake ɓata masa suna a kasuwa ba. To, haka malaman Kirista na ƙwarai suke fassara abin: wanda aka fansa ya zama mallakin wanda ya fanshe shi. Manzo Bulus, wanda wasiƙunsa ne ginshiƙin wannan koyarwa, shi da kansa ya hango za a yi irin zargin da muke yi yau. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 6, ya tambaya ko mutum zai ci gaba da saɓo don an yi masa alheri, ya kuma amsa da cewa sam ba haka ba ne. Wasiƙar Yakubu kuwa ta kwatanta bangaskiyar da babu aiki a tare da ita da gawa.

Mu dai matsayinmu a bayyane yake, kuma babu dalilin ɓoye shi don a zauna lafiya. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya kore cewa an kashe Annabi Isa (AS) ko an gicciye shi. A wurare da dama, kamar Suratul An'am da Faɗir da Najmi, ya nanata cewa babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Annabi Adamu (AS) kuwa ya tuba an karɓi tubarsa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, don haka babu wani zunubi da ya bar mana gado. Allah a wurinmu yana gafartawa kai tsaye ga wanda ya tuba, ba ya buƙatar jinin kowa kafin ya yi. Wannan saɓani ne na tushe, kuma shan shayi tare ko taron zaman lafiya ba zai kawar da shi ba. Ko lokacin da Fafaroma John Paul na Biyu ya gana da shugabannin Musulmi a Paraku a watan Fabrairun 1993, babu wanda ya bar wurin da aƙidar ɗan'uwansa. Amma a lura: saɓanin nan a kan abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Bai taɓa kuɗin shinkafar da kake bin wani ba.

Sai batun tabbacin ceto, wanda shi ne ya fi ba mu haushi idan muka ji shi. Mun saba da cewa mumini yana rayuwa ne tsakanin tsoro da fata, kuma babu wanda muke yanke wa Aljanna sai wanda nassi ya ambata, irin sahabban nan goma. Don haka idan wani ya tare ka a tasha ya ce shi ya san inda za shi idan ya mutu, kai fa, sai mu ga ya yi wa Allah shisshigi. Abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, Kiristoci su kansu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jayayya a kan wannan, har da zubar da jini.

Rigimar ma a kan kuɗi ta faro. A 1517 wani malamin coci Bajamushe mai suna Martin Luther ya tayar da ƙayar baya saboda yadda ake sayar wa talakawa takardun sassauta azaba don a tara kuɗin gina babbar cocin Roma. Ya ce ceto ba kayan sayarwa ba ne, kyauta ce da ake karɓa ta hanyar bangaskiya kaɗai, kuma tunda ba aikinka ne ya samo maka ba, kana iya natsuwa da alkawarin wanda ya ba ka. Daga nan 'yan Furotesta suka ɓalle. Cocin Katolika ta mayar da martani a babban taron malamanta na birnin Trento, inda a 1547 ta yanke cewa babu wanda zai iya sani da yaƙini cewa zai cika da kyau, sai fa idan an yi masa wahayi na musamman. Ka ga ke nan ɗan Katolika, wanda a ƙidayar 2013 su ne kusan rubu'in mutanen Benin gaba ɗaya, idan ya san addininsa ba zai ce maka ya riga ya mallaki Aljanna ba. Zai ce yana fata, yana zuwa ikirarin zunubi a gaban Fada, yana kuma tsoron ya mutu da babban laifi a wuyansa. A wannan gaɓa ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Sai a 1999, a birnin Augsburg na Jamus, ɓangaren Katolika da na Luther suka sa hannu a kan wata yarjejeniya da ta rage tsaurin wannan saɓani, 'yan Methodist kuma suka shiga a 2006.

Su kuma masu cewa akwai tabbaci ba bakinsu ɗaya ba. 'Yan Methodist, waɗanda malaminsu Thomas Birch Freeman ya gana da Sarki Gezo na Dahomey tun 1843, shekara 18 kafin limaman Katolika na farko na ƙungiyar SMA su sauka a Wida a 1861, suna bin koyarwar John Wesley ne: mutum na iya jin tabbaci a zuciyarsa yau, amma yana iya zubar da shi gobe idan ya koma ga saɓo. Mabiyan John Calvin da yawancin 'yan Baptist suna cewa wanda aka ceta da gaske ba zai taɓa faɗuwa ba. Amma ka tambaye su game da mutumin da ya mayar da cin amana sana'a, za su ce maka halinsa shaida ne cewa tun farko ba a cece shi ba, yaudarar kansa yake yi. Akwai kuma masu fararen kaya marasa takalmi, wato 'yan cocin Seles da Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, waɗanda duk mai bin hanyar Seme a lokacin Kirsimeti yana ganin tururuwarsu zuwa bakin teku. Su ma suna da dokokin tsarki masu tsauri, ba giya, ba taba, ba naman alade. Ta ko'ina ka ɓullo, babu ɗarika guda daga cikin manyan ɗarikunsu da ta koyar da cewa mai ceto yana da izinin cin dukiyar mutane.

Hasali ma littafinsu ya yi zafi a kan haƙƙin mutane. A Linjilar Luka, sura ta 19, akwai labarin wani shugaban masu karɓar haraji a Yariko mai suna Zakka (sunansa ke nan a fassarar Hausa, ba zakkar dukiya ake nufi ba), wanda ya yi arziki da cutar jama'a. Da ya tuba a gaban Yesu, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Bayan ya faɗi haka ne aka yi masa albishir da ceto. Ku duba fa, ma'aikacin haraji ne, wato kusan abin da yau za mu kira ɗan kwastan. A Linjilar Matiyu, sura ta 5, an umarci wanda ya kawo baiko wurin ibada, ya kuma tuna akwai wanda ke da ƙorafi a kansa, da ya ajiye baikon ya je ya sasanta tukuna. Littafin koyarwar Katolika da aka fitar a 1992 ya faɗa ƙarara cewa adalci yana wajabta mayar da abin da aka sata ga mai shi, kuma yafewar da Fada ke furtawa ba ta ɗauke wannan wajibi. Idan ka ajiye wannan kusa da sharuɗɗan tuba da malamanmu suka karantar da mu, wato nadama, da dainawa, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi idan laifin ya shafi wani, za ka ga sharaɗi na huɗun yana nan a ɓangarorin biyu.

To, amma fa ba zan yi wa 'yan'uwa musu ba cewa akwai abin da ya sa suke faɗin abin da suke faɗa. Akwai masu wa'azi, musamman a cikin sababbin coci-coci da ke tsirowa kamar naman kaza a kowane lungu, da suka mayar da ceto tamkar kayan talla: ɗaga hannu, maimaita addu'a, shi ke nan ka shiga, sai ka kawo zakkar kashi goma ka jira arziki. Ba a jin maganar Zakka na Yariko a irin wannan wa'azi. Amma Kiristoci masu ilimi sun riga mu sukar wannan. Wani fasto Bajamushe mai suna Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya kira irin wannan a 1937 da alheri mai araha, wato gafara ba tare da tuba ba, ya kuma ɗauke shi a matsayin babban abokin gaban coci. Mu ma ai mun ce araha ba ta ado.

Mutanen Kwatano sun ga inda irin wannan ke kaiwa idan ya haɗu da kuɗi. A 2010 ne kamfanin ICC Services ya rushe, bayan ya shafe shekaru yana karɓar ajiyar jama'a da alkawarin ribar da babu wata halastacciyar kasuwa da ke iya bayarwa, yana biyan na farko da kuɗin na baya. An ƙiyasta mutane kusan 150,000 ne abin ya shafa, kuɗin kuma ya haura sefa biliyan 150. Abin ya kai ga Shugaba Boni Yayi ya sallami ministan cikin gida a watan Yulin shekarar. Sai a ƙarshen 2018 aka soma shari'ar a kotun CRIET a Porto-Novo, a farkon 2019 kuma aka yanke wa manyan jagororin kamfanin ɗaurin shekara 10. Jagororin nan an san su da riƙon addini da yi wa wuraren ibada hidima, kuma wannan suna na masu tsoron Allah yana cikin abin da ya sa jama'a suka saki jiki. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa ƙarƙaf 'yan'uwansu ne na coci. Wato ba aƙidar kafara ce ta cinye kuɗin nan ba. Kwaɗayi ne, da kuma sakacin mutanen da suka ɗauki rigar addini a matsayin takardar shaida.

Kuma kafin mu nuna wani da yatsa, mu dubi gidanmu. Tun ƙarnin farko na Musulunci aka sami waɗanda ake kira Murji'a, wasu daga cikinsu suna cewa saɓo ba ya cutar da mai imani, malaman Sunna kuma suka yi musu raddi. Amma ra'ayin bai mutu ba, ya koma kasuwa ne kawai. Wa bai san Alhajin da ya tafi Makka da kuɗin mutane, ya dawo yana cewa ya koma kamar ranar da aka haife shi ba? Wa bai san mai tabon sallah a goshi da ke algus a mudu ko yake riƙe kuɗin ɗan canji sai ya juya su wata uku ba? Alhali Manzon Allah (SAW), kamar yadda Imam Muslim ya ruwaito, ya bayyana cewa matsiyacin gaske shi ne wanda zai zo ranar Alƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zagi wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare. Ya kuma sanar da cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. A ruwayar Bukhari, an taɓa kawo gawar wani da ake bi bashi, ya ƙi yi masa sallah har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Sannan shi ne ya gaya wa sahabbai cewa babu wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Don haka ko mu ɗin ba mu ce sallarmu kuɗin tikiti ba ce. Idan Kirista ya kalli Alhajin can ya ce ai Musulunci ne ya koya masa a je Hajji a wanke kuɗin sata, za mu ji zafi, mu ce ya jahilci addininmu. To, abin da muke yi musu ke nan.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada kowa. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin da aka toshe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya sun maƙale, kuɗin mutane sun kwana a hannun mutane. Duk wanda ke cikin harkar zai iya lissafa waɗanda suka riƙe amana har aka sasanta, da waɗanda suka kashe waya suka ɓace. Ya zauna ya yi lissafin tsakaninsa da Allah, ya ga ko layin ya rabu ne a kan masallaci da coci.

Abin da ya rage mana shi ne mu yi aiki da abin da aka umarce mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma an saukar da ita ne ga sahabbai, mutanen da suka fi mu tsoron Allah nesa ba kusa ba. Amma har yau za ka ga an miƙa miliyoyin sefa a Jonke ko a filin motocin hanyar Seme ba tare da ko guntun takarda ba, don kawai mai karɓa ya ce shi Alhaji ne ko dikin ne a cocinsu. A rubuta, a sa kwanan wata, a sa shaidu daga ɓangarorin biyu, ko da wa ake cinikin.

Idan kuma abin ya riga ya faru, Kirista ya riƙe maka kuɗi, kada ka zauna a majalisa kana cewa ai an riga an biya masa. Yadda muke kai ƙarar ɗan'uwa wurin liman ko sarkin Zango kafin a je ga hukuma, haka shi ma yana da Fada ko fasto ko dattawan coci da yake jin kunyarsu. Ka nemi dattijo ɗaya daga cikin nasu da kuke mutunci, ku tafi tare da takardarka da shaidunka, ka yi magana cikin ladabi ba tare da taɓa aƙidar kowa ba, ka roƙi malamin nasa ya karanta masa labarin Zakka. Kai ba ninki huɗu kake nema ba, uwar kuɗinka kawai kake so. Idan malamin ya kau da kai, ka san da irin gidan da kake hulɗa, sai ka wuce ofishin 'yan sanda ko kotun kasuwanci ta Kwatano da takardar nan a hannunka.